Canjin Filtar Gas a Motar Akori-kura: Nasiha ga Yaran Gareji da Matasan Direbobin Katsina

Motar akori-kura tana cikin ababen hawan da harkokin Katsina da ƙauyukanta suka jingina a kansu, domin ita ke ɗauko gero da dawa da wake daga gona zuwa kasuwa, ita ke kai taki da iri karkara idan damina ta ƙarato, kuma ita 'yan kwangila da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro ke shiga idan za su bi hanyar da ƙaramar mota ba ta iya ratsawa. Duk wanda ya tsaya da safe a hanyar Kano ta Ƙofar Ƙaura, ko hanyar Jibiya ta Ƙofar Guga, ko ta Daura da ke fita ta Ƙofar Durɓi, zai ga irin waɗannan motoci suna wucewa da kaya niƙi-niƙi, da yawansu ƙirar Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968. Mafi yawan waɗanda ke Najeriya fetur suke sha, saboda gwamnati ta daɗe tana biyan tallafi a kan fetur har zuwa watan Mayu na 2023, alhali ta cire hannunta daga farashin gas, wato man dizal, tun shekaru masu yawa kafin nan. Duk da haka masu shan gas ma suna nan da dama, musamman na kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da waɗanda ke shigowa daga Maraɗi.

Wannan nasiha ta shafi matasa iri biyu: yaron gareji da ke koyon kanikanci a hannun maigidansa, da matashin direba ko yaron mota da aka damƙa wa irin wannan mota. Maganar kuwa a kan canjin filtar gas ce, wato ƙaramar matatar da ke tsakanin tanki da inji, wadda ke tare datti da ruwa kafin mai ya isa famfon da ke tura shi cikin inji. Aiki ne da gwani ke gamawa cikin rabin sa'a, shi ya sa ake yawan miƙa shi ga ƙaramin yaro a gareji, kuma shi ya sa ake raina shi. Sai dai mai mota ba ya iya gane ko an kyautata masa ko an ha'ince shi a ranar da aka yi aikin, domin ko ta yaya aka yi mota za ta tashi ta tafi, ɓarnar kuwa sai bayan watanni take bayyana, lokacin da babu mai tunawa da hannun da ya jawo ta. Saboda haka wannan ƙaramin aiki yana auna abubuwa uku da sana'ar kanikanci ta tsayu a kansu, wato sani da tsafta da amana.

Dalilin da ya sa injin gas ba ya jure datti

Injin fetur yana cakuɗa mai da iska, sannan fulogi ya ƙyasta wuta cakuɗin ya kama. Injin gas ba haka yake aiki ba, domin fulogin da ke jikinsa na ɗumama shi ne kawai da sanyin safiya. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, a daidai lokacin sai nozul, wato bakin da ke fesa mai, ya feso gas ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar da injiniyan nan Bajamushe, Rudolf Diesel, ya tabbatar da aikinta a birnin Augsburg a 1897, kuma har yau a kanta ake tafiya. Kafin mai ya kutsa cikin iskar da aka matse haka, dole a turo shi da ƙarfin gaske, wannan ƙarfi kuwa ba ya samuwa sai ƙarafan da ke cikin famfo da nozul sun zauna da juna daram, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce maikiron kaɗan ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yana kai kimanin maikiron 70, ido kuma ba ya ganin ƙwayar da ta gaza kimanin maikiron 40. Ke nan dattin da ke cinye famfo ba a ganinsa, kuma gas yana iya zama garau a cikin kwalba alhali yana ɗauke da abin da zai kashe nozul.

Tsofaffin injunan Hilux irin su 3L da 5L suna da famfon injekta mai ɗan haƙuri da mai marar kyau, kuma a kansu mafi yawan manyan makanikai suka koyi aiki. Sababbi kuwa, irin su 2KD da 1KD, da 2GD da 1GD da suka fito a 2015, suna amfani da tsarin da ake kira komon rel, wato bututun ƙarfe guda da famfo ke tara mai a cikinsa da matsi mai tsanani, kwamfutar mota kuma ta riƙa buɗe kowane nozul a lokacin da ya dace. Kamfanin Denso na Japan ya fara sa wannan tsari a manyan motoci a 1995, kamfanin Bosch na Jamus kuma ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. Matsin da ke cikin wannan bututu yana kamawa daga kimanin ninki 1,300 zuwa sama da ninki 2,000 na matsin iskar sarari, alhali na tayar motar bai wuce ninki uku zuwa huɗu ba. Shi ya sa filtar irin wannan inji take tace ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 2 zuwa 5 ba, kuma shi ya sa dabarun da suka yi wa tsohon inji aiki suke iya lalata sabo.

Ruwa ma abokin gaba ne, watakila ya fi ƙura illa. Gas ɗin da ke bi ta cikin famfo da nozul shi ne ke yi musu maiƙo ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ruwa kuwa ba ya maiƙo, sai dai ya kawo tsatsa. Da yake ruwa ya fi gas nauyi, domin litar gas ba ta kai giram 850 ba galibi alhali ta ruwa kilo guda ce, yakan kwanta a ƙasa, don haka aka yi wa filta wurin tara ruwa a gindinta, da ɗan famfon zubarwa, da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan ruwan ya taru. Idan ruwa ya daɗe a tanki, ƙwayoyin halitta sukan hayayyafa a inda ya haɗu da mai, su zama baƙin yauƙi mai toshe filta cikin ɗan lokaci.

Inda datti da ruwa ke fitowa

Katsina tana nesa da bakin teku, kuma gas ɗin da aka ɗauko daga Legas, ko na shigowa da jirgin ruwa ne ko na matatar Dangote da ta fara sayar da shi a 2024, sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a tanka kafin ya iso. A tsallaken iyaka kuma akwai na matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Ko daga ina ya fito, mai yana sauya mazubi sau da yawa, daga tanka zuwa rijiyar gidan mai, daga can zuwa duro ko jarka a hannun 'yan bumburutu, kuma kowane mazubi yana iya ƙara masa tsatsa ko yashi ko ruwa. Yanayin ƙasar ma yana ba da tasa gudummawa: a lokacin hunturu ƙura mai laushi tana shiga duk abin da aka bari a buɗe, sanyin dare da zafin rana suna sa raɓa ta taru a jikin tankin da ba a cika ba, da damina kuma ruwan sama yana samun hanya ta murfin da robarsa ta mutu.

Ya kamata matashi ya san iyakar abin da filta ke iyawa. Aikinta irin na rariya ne, wadda ke tare tsaki amma ba ta raba gishirin da ya riga ya narke a ruwa. Filta ba ta cire kananzir ko wani man da aka cuɗa da gas, ba ta kuma cire sinadarin farar wuta da ke cikinsa. Tun da farashin gas ya ninka har ya wuce haka a 2022, kwaɗayin mai araha ya ƙaru, alhali araha ba ta ado. Direba mai hankali yana riƙe gidan mai guda da ya yarda da shi, yana guje wa shan mai a lokacin da tanka ke sauke kaya, domin sauke kayan yana tayar da laka daga ƙasan rijiya, yana cika tanki da yamma maimakon barinsa ya kwana rabi, idan kuma tafiya ta tilasta masa sayen na jarka, yakan bar shi ya kwanta, ya tsiyaye na sama, ya bar na gindi.

Lokacin canji da alamominsa

Littafin kowace mota yana faɗin nisan da za a yi kafin a canja filta, galibi tsakanin kilomita 20,000 da 40,000, kuma inda ƙura ta yi yawa ko ingancin mai ba shi da tabbas, hikima ita ce a riƙe ƙaramin adadin. Wannan nisa ba shi da yawa ga motar haya, domin daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, motar da ke zuwa ta dawo kullum kuwa za ta cinye kilomita 20,000 cikin kusan wata biyu. Filtar da ta fara toshewa tana sanarwa: mota takan rasa ƙarfi a hawa ko idan an yi mata lodi, takan riƙa fizga idan an taka totur, takan yi nauyin tashi da safe, wani lokaci ta mutu a tsaye. A wasu nau'o'in Hilux fitilar filta tana ƙiftawa idan ruwa ne ya taru, tana tsayawa a kunne idan filtar ce ta toshe. Direban da ya ga wannan fitila ya ce sai ya dawo daga tafiya, ya tuna cewa a wannan zamani na rashin tsaro, mutuwar mota da magariba a hanyar Jibiya ko ta Batsari magana ce da ta wuce asarar kuɗi, ta shafi rayukan waɗanda ya ɗauko.

Yadda ake aikin

Aikin yana farawa tun kafin a ɗauki sifana. Da yake mafi yawan garejojin garin a fili suke, a kan yashi, abu na farko shi ne a ja motar inda iska ba ta kaɗo ƙura, a kashe inji, a zare makulli, a bar shi ya huce, a kuma nisantar da sigari da wutar mai walda. Yaro ya wanke hannunsa, ya nemi tsumma mai tsafta wanda ba ya zubar da zare, ya sa tasa a ƙarƙashi, sannan ya goge jikin gidan filtar da bakunan tiyo tas kafin ya kwance komai, domin ƙurar da ke waje ita ce ke faɗawa ciki da zarar an buɗe. Sabuwar filta ta zauna a cikin ledarta har zuwa lokacin da za a ɗaura ta. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a ɗora ta a kan batir, kuma a tabbatar lambar da ke jikinta ta dace da injin, domin filta biyu suna iya yin kama a ido alhali ramukan takardarsu sun bambanta ƙwarai.

Daga nan sai a cire wayar na'urar ruwa a hankali, a yi wa tiyon shiga da na fita alama don kada a juya su, a buɗe ɗan famfon gindi a tsiyaye abin da ke ciki a farar kwalba. Wannan kwalba ta cancanci a ɗaga ta a duba da kyau a hasken rana. Idan akwai ruwa, za a ga ya kwanta a ƙasa, layi ya raba shi da mai sarai. Idan akwai jan gari, tanki ne ke tsatsa. Idan baƙin yauƙi ne, ruwa ya daɗe a ciki, kuma canjin filta kaɗai ba zai wadatar ba sai an sauke tanki an wanke. Bakanike na ƙwarai yana nuna wa mai mota wannan kwalba, domin ita ce shaidar irin man da motarsa ke sha.

Filta iri biyu ce. Ta tsofaffin injuna gwangwani ce da ake murɗewa gaba ɗaya, a cire na'urar ruwa daga gindinta a mayar a jikin sabuwa tare da sabon zoben roba. Ta sababbi kuwa gida ne da ake buɗewa, a zaro takardar da ke ciki, a goge kwanon, a sa sabuwa. A kowane hali a duba kada tsohuwar roba ta maƙale a mazauninta, domin roba biyu a wuri guda yoyo suke kawowa, kuma a toshe bakin duk tiyon da aka cire da leda mai tsafta. Sabuwar roba a shafa mata gas mai tsafta da yatsa, a murɗa gwangwanin da hannu har roba ta taɓa mazauni, a ƙara kimanin kashi uku cikin huɗu na zagaye guda ko abin da aka rubuta a jikinta, ba tare da an matse da ƙarfe ba. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ya fi kowanne ɓoyuwa, wato cika sabuwar filta da gas daga jarka don mota ta yi saurin tashi. A irin ta gwangwani, ramin tsakiya shi ne hanyar man da aka riga aka tace, don haka duk abin da aka zuba ta nan kai tsaye yake wucewa famfo ba tare da ya bi ta takarda ba.

Hanyar da ta dace ita ce bilidin, wato fitar da iskar da ta shiga hanyar mai, ta amfani da ɗan famfon hannu da ke saman gidan filtar. Ana danna shi ana saki har ya yi tauri, idan kuma akwai ƙusar fitar da iska, a sassauta ta har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Wannan yana buƙatar haƙuri, kuma gaggawa a nan tsada ce da ita, domin yi wa mota ki ba ƙaƙƙautawa yana sa famfo ya juya a bushe, ya kashe batir, ya ƙona sitata. Kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane ki, a kuma huta tsakani. A tsohon inji makanikai sun saba sassauta notin bututun nozul don iska ta fita, amma a injin komon rel wannan haɗari ne babba, domin man da ke fita da irin wancan matsi yana huda fata ya shige cikin nama, kuma wanda hakan ta same shi asibiti ya kamata a kai shi nan take, ko da raunin bai fi bakin allura ba. Haka nan zuƙo mai da baki ta tiyo al'ada ce da ya kamata a bari, domin ɗan abin da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi.

Idan mota ta tashi, a bar ta tana aiki na 'yan mintuna, a bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa ana neman danshi, a zagaya da ita, a dawo a sake dubawa. Wani yoyon ba ya ɗiga, iska yake zuƙa, alamarsa kuwa ita ce mota ta ƙi tashi washegari da safe. Daga ƙarshe a rubuta kwanan wata da adadin kilomita a littafin mota ko a jikin filtar, man da aka tsiyaye kuma a tara shi a duro, kada a zuba a kwata ko a ƙasa inda zai gangara wa rijiyoyin unguwa.

Dabarun da ba su da albarka

Akwai hanyoyin gajarce aiki da yaro zai gani a wasu wurare, kuma ya kamata ya san haƙiƙaninsu. Wanke tsohuwar filta da fetur a hura mata iska yana yaga takardarta ya faɗaɗa ramukanta, sai mai ya riƙa wucewa da sauƙi, mota ta yi ƙarfi, kowa ya ɗauka an gyara, alhali ƙofa aka buɗe wa datti. Huda filta da ƙusa, ko haɗa tiyo biyu a tsallake ta, ya fi wannan muni. Filtar jabu kuma, wadda kwalinta ke kama da na asali amma takardar cikinta kaɗan ce kuma sakayau, tana ba da ribar rana guda ta jawo asarar da ta ninka kuɗinta sau da yawa, domin gyaran famfo da nozul huɗu na injin komon rel aiki ne na ƙwararru masu na'urar gwaji, wanda sau da yawa sai an kai Kano ko Kaduna, mota kuma tana ajiye ba ta kawo ko sisi. Idan mai mota ya ce ba shi da kuɗin ta asali, haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiyar abin da zai biyo baya, ya zaɓa da saninsa. Abin da ba ya halatta shi ne a karɓi kuɗin ta asali a ɗaura jabu, ko a goge tsohuwa a ce an canja.

Abin da ake fata daga matashi

Injuna sun canja, kuma wanda ya tsaya a kan abin da ya gani ana yi wa 5L zai yi ɓarna a kan 2GD da kyakkyawar niyya, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaron gareji ya girmama maigidansa, ya kwashi abin da shekaru suka koya masa na jin ciwon inji ta sautinsa, amma ya haɗa da karatun littafin mota da tambayar dalilin kowane mataki cikin ladabi, idan ya samu dama kuma ya ƙara ilimi a wurare irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ko Ƙauyen Koyar da Sana'o'in Matasa na jihar. Matashin direba shi ma ya koyi tsiyaye ruwa da bilidin da hannunsa, ya riƙa tafiya da sabuwar filta a ledarta, domin ba kowane ƙauye ke da bakanike ba.

A gari irin Katsina, inda masu motoci suka san juna kuma labari ke zagayawa daga tasha zuwa majalisa, sunan bakanike shi ne jarinsa, kuma ana gina wannan suna ne a irin ayyukan da babu mai dubawa. Matashin da ya saba wanke hannu kafin ya taɓa filta, ya miƙa wa mai mota tsohuwar da ya cire tare da kwalin sabuwar, ya kuma faɗi gaskiya ko da za ta rage masa riba, shi ne wanda gobe za a damƙa wa inji gaba ɗaya ba tare da fargaba ba, kuma abin da ya samu ta wannan hanya halal ne da zai ci da iyalinsa cikin kwanciyar hankali.